Jirgin Halilu

Da ƙarfe takwas na safe Mus'ab ya kira ni. Bai tsawaita gaisuwa ba. Ina jin ƙarar babura a bayansa, alamar ya riga ya buɗe shagonsa na kayan waya da ke bakin tashar Dogon Dutsi.

"Baba na tahe yau daga Dumega," in ji shi. "Bayan la'asar muna gidanku. Ka haɗa ordinatar ɗin da sharjarta da jakarta."

"Ka ƙara mini kwana biyu."

"Kwana biyu na ba ka tun ran Talata, malamin taurari. Wata ukku ke nan kayan mamaci na ɗakinka. Baba ya ba ƙanwarmu Fadila ita, gobe za ta Damagaram karatu, kuma sai na goge komi kahin ta karɓa."

Ya kashe wayar. Na daɗe zaune a bakin katifa ina kallon kwamfutar da ke kan tebur.

Ta wansa ce, Halilu, abokina tun shekararmu ta farko a jami'a a Yamai, inda muka karanta kimiyyar fizik tare. Da muka gama, shi ya samu koyarwa ta kwantiragi a wata makarantar sakandare kusa da garinsu, ni kuwa na dawo gidan mahaifiyata da takardar mastar a cikin ambulan, ina jiran aikin da bai zo ba. Can wajensu wuta ba ta zama, rezo ma, wato sabis na waya, sai an hau tudu, don haka ya bar kwamfutarsa a ɗakina. Duk Asabar yakan hau babur ya zo, mu zauna a gabanta har rana ta yi sanyi. A watan Fabrairu zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu ya yi.

Abin da muke yi a gabanta wasa ne, ba zan ba shi wani suna da ya fi wannan girma ba. Wasa ne na intanet wanda aka kwaikwayi taurarin sama a cikinsa, masu yawan da babu wanda zai gama ziyartarsu, kowane ɗan wasa da jirginsa. Yawancin mutane suna zama a tsakiya, inda ake fatauci da faɗa. Halilu bai damu da wannan ba. Ya cire bindigogin jirginsa, ya sa na'urorin awo a madadinsu, ya nufi wani gajimare na ƙura da iskar gas da ke can gefen taswira, irin wanda taurari ke haihuwa a cikinsa. Ba shi da suna, sai haruffa biyu da lamba. Shi ya raɗa masa Murhu, saboda daga nesa toka ce baƙa, da ja-ja a ƙarƙashinta.

Dokar wasan ɗaya ce ta dame shi. Wanda ya fara auna tauraro, ya kuma kai awon wata tasha lafiya, za a rubuta sunansa a gefen tauraron, duk wanda ya zo daga baya ya gani. Kafin a kai, awon yana cikin jirgi ne kawai. In jirgi ya fashe, komai ya tafi. Halilu ya shiga wasan da sunansa na gaskiya, Halilu Jibo, ya kuma rasu da saura kashi ɗaya cikin uku na hanya. Ban san kalmarsa ta sirri ba. Wasan yana buɗewa ne don kwamfutar tana tune da shi. Ranar da Mus'ab ya goge ta, babu sauran ƙofar da zan bi in kai ga jirgin.

Ni na ƙarasa tafiyar, tsakanin ɗaukewar wuta da dawowarta. Na isa Murhu kwana tara da suka wuce. Da na so, da na kai awon tun a rana ta biyu, domin akwai wata ƙaramar tashar bincike a bakin gajimaren, tsalle biyu kacal daga inda nake, irin tsallen da jirgi ke yi daga tauraro zuwa tauraro. Ban kai ba. Kullum sai in ce saura kusurwa ɗaya, saura tauraro ɗaya a bayan wancan labulen ƙura. Na san dalilin, ko da yake ban faɗa wa kaina shi a fili ba sai a safiyar nan: muddin jirgin bai sauka ba, tafiyar Halilu ba ta ƙare ba. Taurari ɗari biyu da sha ɗaya ne a cikinsa, da duniyoyin da ke kewaya su, rabi awonsa, rabi nawa.

Na kunna kwamfutar, na haɗa ta da rezon wayata. Minti arba'in na yi ina kallon wani ɗan zobe yana juyawa a allo kafin wasan ya yarda ya buɗe. Sau biyu yana yanke ni. Da na shiga, sai na ga abin da na manta: man jirgin tsalle ɗaya zai kai ni, ba biyu ba.

A wasan, jirgi yana shan mai ne daga jikin tauraro. Sai ka matsa kusa, ka tsaya a inda iskarsa mai zafi ke shiga tanki, amma ba kusa ainun ba, don kada ka ƙone. Taurarin da ke kewaye da ni duk ƙanana ne masu duhu, ba su da abin bayarwa. Ɗaya ne kaɗai ya dace, a can cikin zurfin gajimaren, a wurin da ban taɓa shiga ba. In na je wurinsa, man ya ƙare ke nan, sai abin da na sha a can. Daga can kuwa, da cikakken tanki, tsalle ɗaya mai nisa zai kai ni tashar. Na duba taswira sau uku ko akwai wata hanya. Babu.

Na yi tsallen.

Da haske ya lafa, na samu kaina a wuri mafi duhu da na taɓa gani a wasan. Babu tauraro ko ɗaya a bayan fage. Ƙura ta rufe ko'ina, ja mai duhu a ƙasa, toka-toka a sama, da wasu ginshiƙai masu tsawon da idona ya kasa kai wa ƙarshensu, kamar bakin dutsen garinmu idan ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai. A tsakiya tauraron yake, ruwan goro, bai gama zama ba, yana huci. Na'urar jirgin ta rubuta cewa babu wanda ya taɓa zuwa nan. Na auna shi, ya zama na ɗari biyu da sha biyu. Sannan na matsa a hankali har mai ya fara shiga, na rage gudu, na tsaya. Zafin jirgi ya hau zuwa sittin da biyu cikin ɗari ya tsaya a nan. Sai ya wuce ɗari abubuwa ke fara lalacewa. Mazubin man da Halilu ya saya ƙarami ne, mai arha. Tankin zai ɗauki kusan minti ashirin kafin ya cika yadda nake bukata.

Agogo ya nuna sha biyu da rabi. Fanka tana juya iska mai zafi a ƙarƙashin kwano. Na fara jin kamar zan yi nasara.

Sai na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, na kuma ji sallama. Muryar dattijo ce.

Baba Jibo ya samu motar dabbobi da ta taso da wuri, Mus'ab kuwa bai ga dalilin ajiye tsoho a shago cikin rana ba. Tun da mahaifina ya rasu, ni ne namijin gidan. Babu wanda zai amsa wannan sallamar sai ni.

Ba a tsayar da wasan, domin duniyar ta kowa ce, tana tafiya ko kana nan ko ba ka nan. Ana iya fita, jirgin ya ɓace har ka dawo. Hannuna ya kai kan maɓallin fita, na tuna minti arba'in na safe, na tuna cewa da azahar rezo ya fi mutuwa. Na duba lambar: sittin da biyu, ba ta motsi. Na lissafa gaisuwa minti biyar, in nemi uzuri in dawo. Da ma'aunin gari na yi lissafin, irin gaisuwar da nake yi da ma'aikata a bakin hanya, kowa ƙafarsa ɗaya a kan babur. Na manta cewa Baba Jibo bai taka gidanmu ba tun rasuwar Halilu, kuma mahaifiyata ba ta samu zuwa Dumega ta'aziyya ba saboda ƙafarta. Na bar jirgin a bakin tauraro na fita.

Na shimfiɗa masa tabarma a ƙarƙashin itacen bedi da ke tsakar gida, taku goma daga tagar ɗakina. Dogo ne, siriri, da rawani fari da ya sha rana. Na durƙusa a gefen tabarmar. Mus'ab ya zauna a baya kaɗan, wandonsa a ɗage bisa idon sawu, yana share gumi da hularsa. Inna ta fito tana dogara sanda, ta zauna a kan kujerar tsuguno daga nesa.

"Abdussalamu, kun kwana lahiya?"

"Lahiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ina zahi?"

"Lokacinshi ne, Baba."

"Ina haƙurin rashin ɗan'uwa?"

"Haƙuri sai godiya."

Ya tambayi aiki, na ce ana nema. Ya tambayi ƴan'uwana mata da ke aure, ɗaya bayan ɗaya, da mazajensu, da ɗiyansu. Sannan ya juya ga Inna, aka faro daga farko. Ta yi masa ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, ya amsa, ta sake, ya sake amsawa. Ta tambayi matarsa da yadda take cin abinci. Ta tambayi shanu, da rijiya, da ko an fara sharar gona. Na kawo ruwan randa, na koma na durƙusa. A raina ina ƙirga: minti takwas, minti goma sha ɗaya. Tanki ya wuce rabi. Ba abin da zai faru. Jirgin a tsaye yake.

Na karanta fizik shekara biyar. Na san cewa tauraron da bai gama zama ba yakan yi aman wuta ba tare da gargaɗi ba, na kuma san cewa waɗanda suka gina wasan sun san haka. A durƙushe a gaban Baba Jibo wannan ilimin ya dawo mini.

Baba ya ɗaga hannu don addu'a, muka ɗaga. Yana cikin roƙa wa mamatanmu gafara, sai wata murya ta fito ta tagar ɗakina, muryar mace, a natse, da Faransanci. Tana cewa zafi ya kai tamanin da biyar.

Muka shafa. Baba ya karkata kai.

"Hajiya, kuna da baƙuwa?"

"Amaryar Abdu ce, Baba," in ji Mus'ab. "Cikin na'ura take zaune. Ba ta cin tuwo, sai kuran, wutar lantarki."

"Kai dai bakinka," in ji Inna, tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta harare ni.

"Na'urar ce ke magana, Baba," na ce. "Wani aiki na bari."

"To, aiki ba ya ƙarewa," ya ce, ya gyara zama.

Na buɗe baki in nemi izinin minti ɗaya. Kafin in yi magana ya juya ga Mus'ab ya ce ya je ya kwance buhun da ke bayan babur, akwai ƙwan zabi a ciki, ya bi a hankali. Inna ta miƙe ta ce bari ta dama fura. Cikin ɗan lokaci tsakar gidan ya zama daga ni sai shi. Na gane ba a banza ba ne. Shi ya shirya hakan.

Halilu ɗan fari ne. A wajen su Baba Jibo, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi har ya shiga makaranta. A shekara bakwai da na yi ina zuwa gidansu, ban taɓa jin sunan ya fito daga bakin Baba ba. Yakan ce "wancan", ko "abokinka". Ranar jana'iza ma, yana tsaye a bakin kabari, fuskarsa kamar ta mai jiran mota.

"Matso," ya ce.

Na matsa har gwiwata ta taɓa tabarma. Muryar ta sake fitowa: casa'in da bakwai.

"Abokinka," ya ce, yana kallon ƙasa, yana jan layi da yatsa a kan saƙar tabarmar. "Kai ka zauna da shi. Ni ban zauna da shi ba. Haka munka taras ana yi, haka munka yi. Ran da anka haihe shi ina gona, anka zo anka hwaɗa mini, ban aje kalme ba sai da rana ta hwaɗi. Kada a ce na yi rawar kai."

"Haka ne, Baba."

"Da yat tahi Yamai, uwarshi ta raka shi bakin hanya. Ni ina bayan rumbu. Ina ganin motar."

Ƙararrawa ta fara a ɗakina, ƙarama, mai naci, irin wadda ban taɓa ji ba sai sau ɗaya, ranar da Halilu ya kusa ƙone mu a farkon tafiya yana dariya. Muryar ta ce ɗari da goma sha biyu. Ta fara jera sunayen na'urorin da ke lalacewa. Na san jerin. Na'urar tsalle tana cikinsa, kuma in ta mutu, jirgin zai zauna a nan har ya narke.

Baba bai ji ba, ko ya ji bai kula ba. Idanunsa sun yi ja. Ban taɓa ganin haka a fuskarsa ba, kuma na san ba don ni ba ne; don babu kowa a wurin ne.

"Wata ukku ina son in tambayi wani," ya ce. "Ba ni iya tambayar uwarshi. Ba ni iya tambayar ƙannenshi. Na ce sai kai. Zaman da kunka yi, kai da shi, ko ya taɓa..."

Ya tsaya yana neman kalmar. Ɗari da talatin da ɗaya.

Zan so in ce na yi shawara da zuciyata, na auna wannan da wancan. Ban yi ba. Na ji kaina ina cewa, "Baba, gahwara, ina zuwa," na kuma ga ƙafafuna sun miƙe. Na tsaya a kansa, shi yana zaune, bakinsa a buɗe kan maganar da bai ƙarasa ba. Sannan na juya masa baya na ruga ɗaki.

Allon ya koma ja. Tauraron ya yi amai, wani harshe na wuta ya lanƙwaso ya rufe inda na tsaya, hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi. Ɗari da arba'in da shida. Na juya hancin jirgin zuwa duhu na ba shi wuta duka. Ya yi nauyi, yana amsawa a makare. Lambar ta hau ɗari da hamsin, ta tsaya, ta yi kamar tana tunani, ta fara sauka. Sai na ji ƙara kamar an taka kwalba: gilashin gaban jirgin ya tsage, ya fashe, iskar ciki ta fice. Sautin wasan ya ɗauke, sai numfashin matuƙi. A kusurwar allo wani agogo ya bayyana, na iskar da ta rage a rigarsa. Minti bakwai da rabi.

Tanki ya cika, wannan kaɗai ne alherin. Na'urar tsalle tana da kashi goma sha tara na lafiyarta. Na saita tasha, na danna. Ta fara caji, ta mutu. Na sake dannawa.

"Kai."

Mus'ab ne a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi muni.

"Baba na magana kat tashi? Kan wasan yara?"

"Mus'ab, minti shidda."

"Ko ni da ya haihwa ban taɓa miƙewa shina magana ba. Mi wanga abu zai ƙara ma mamaci? In kana son shi, ka yi mishi sadaka, ka yi mishi addu'a. Rufe ta."

"In na rufe yanzu, duk abin da ya yi shekara guda ya tahi."

"Ya riga ya tahi, Abdu."

Na'urar ta kama. Allon ya miƙe ya zama rami mai haske, ƙurar Murhu tana wucewa ta gefe kamar ana yage zane. Fanka ta yi ƙara ta fara rage gudu; an ɗauke wuta. Kwamfutar ta koma kan batirinta, wanda ya tsufa, ba ya wuce minti goma sha biyar. Ramin hasken bai ƙare ba. Daƙiƙa goma yake ɗauka, ga shi ya kai talatin. Na dubi wayata a kan tebur: sanda ɗaya ta rezo, tana zuwa tana tafiya. Agogon iska kuwa bai tsaya ba.

Mus'ab ya shigo. Na ɗauka murfin zai rufe, na sa hannu na kare. Wayar ya ɗauka. Ya dube ta da idon mai sana'a, ya yi tsaki, ya taka kan katifata da takalminsa, ya miƙa hannu ta saman taga inda kwano ya haɗu da bango.

"Nan ɗakin ba ya kamawa sai ta gabas," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Shekara nawa kana ciki ba ka sani ba. Yi sauri, hannuna ba icce ba ne."

Jirgin ya faɗo a gaban tashar. Minti huɗu da daƙiƙa goma. Dutse ne babba da aka huda aka zauna a cikinsa, fitilu shuɗaye a bakin ƙofarsa, bayansa kuma gajimaren ya tashi kamar bango. Na nemi izinin sauka, aka ba ni wuri na uku. Ba gilashi, don haka alamomin da ke nuna hanya duk sun tafi. Da ido na tuƙa. Na shiga ƙofar a karkace, gefen jirgin ya goga dutse, lafiyar gangar jikinsa ta sauka zuwa kashi shida. Gumi yana ɗiga a kan maɓallai. Na sauke ƙafafun jirgin, na wuce wurin saukar, na dawo da baya, na sake wucewa.

"Hagu," in ji Mus'ab daga sama. "Hagunka, malam. Ko babur ba ka iya ajewa."

Ƙafafun suka taɓa ƙasa da saura daƙiƙa hamsin. Aka ja jirgin ciki, agogon ya ɓace.

Ban tsaya gyara ba. Na buɗe ofishin taswira na miƙa awon. Shafi-shafi yake karɓa, kowane shafi sai zoben nan ya juya. Batir ya nuna kashi goma sha huɗu, sannan tara. Mus'ab ya sauya hannu. A shafi na biyar, na ƙarshe, zoben ya tsaya cak, sannan ya ci gaba. Jeri ya fito, dogo, yana gangarowa: lambar tauraro, a gefenta wanda ya fara gano shi. Halilu Jibo. Halilu Jibo. Halilu Jibo, har ƙasa.

Mus'ab ya sauko daga kan katifar. Ya sunkuya ya karanta, leɓɓansa suna motsi. Ya daɗe fiye da yadda karatun ke bukata.

"Nawa ne?"

"Ɗari biyu da sha biyu."

"Bon, shi ke nan," ya ce. Ya ajiye wayata. Allon ya yi baƙi, batir ya ƙare. Ya rufe murfin da kansa, ya naɗe igiyar caji a hannunsa, ya sa komai a jaka.

Da na fito, ana kiran azahar a masallacin unguwa. Baba Jibo yana tsaye, ya riga ya sa takalmi, rawaninsa a gyare. Fuskarsa ta koma yadda na san ta shekara bakwai. Inna tana tsaye da ƙwaryar fura a hannu, ba ta dube ni ba.

Na durƙusa a gabansa, a kan ƙasa mai zafi.

"Baba, ka yi mini gahwara. Na yi rashin hankali."

"Babu komi. Aiki ya yi kyau?"

"Ya yi, Baba. Aikin shi ne, wanda ya bari. Na ƙarasa mishi."

"Madalla. Allah shi biya ka riƙon amana."

"Baba, kana tambayata wani abu."

Ya dubi Mus'ab da ke ɗaure jaka a bayan babur, ya dubi Inna.

"Tsuhwa ce," ya ce. "Ya hita raina."

Ya yi wa Inna sallama da duk kalmomin da suka kamata, bai rage ko ɗaya ba. Na bi shi don rakiya. Ya ce wa Mus'ab ya tura babur gaba, zai taka zuwa masallaci. Muka fita tare, ina bayansa da taku ɗaya, rana a tsakiyar kai, inuwarmu a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ina da amsoshi da yawa. Halilu ya sha ba ni labarin yadda mahaifinsa ke gane saniya mai ciwo daga tafiyarta, da yadda yake ajiye masa goron da bai taɓa miƙa masa da hannunsa ba, sai ta hannun kaka. Amma ban san wace tambaya ce ba, kuma ba a amsa wa dattijo abin da ya ce bai tambaya ba. Duk da haka na gwada.

"Baba, yakan yi maganarka."

Bai rage tafiya ba. Mun wuce gida biyu kafin ya tsaya, nesa da kwanar da aka saba rabuwa da baƙo.

"Koma daga nan, Abdussalamu. Rana ta yi zahi."

"In kai ka masallaci, Baba."

"Koma daga nan."

Na tsaya. Ya ci gaba shi kaɗai, a miƙe, yana bin gefen katanga inda ƴar inuwa ta rage, har ya sha kwana.